Hurricane mai faɗin santimita 174: wane inji, wace ƙafa?

Kafintan Fagge: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawarar manya nake nema. Na fara haɗa ƙaramin jirgi mai tashi da rimot, samfurin jirgin yaƙin Ingila Hawker Hurricane, ɗaya bisa bakwai na girman na gaske. Na gasken faɗin fukafukansa mita 12.19 ne, nawa ya tashi santimita 174. Na gama ƙashin gangar jiki, amma tsakiyar fukafuki ban rufe ba, don a nan ƙafa, wato tayoyin sauka, za ta zauna kuma ban tsayar da wadda zan sa ba. Katakon da inji zai ɗauru a kai ma ban manna ba. Burina kada ya wuce kilo 5. Inji: fetur, ko mai shan methanol, ko batir? Ƙafa: mai naɗewa ko tsayayya? Filinmu jar ƙasa ce mai tsakuwa, gefensa yashi da ƙarangiya. Jiragen da na tuƙa a baya duk masu taya a hanci ne.

Mai Batir: Wa alaikumus salam Yaya. Sa batir ka huta. Ba hayaƙi, ba maiƙo a jikin fenti, ba inji ya mutu maka a sama. Jirgin yaƙi mai wannan nauyi yana son wat 250 zuwa 300 a kowane kilo, wato wajen wat 1,500. Batirin LiPo, irin wanda ake sa wa waɗannan jirage, mai ɗaki shida, bolt 22.2, zai ja amfiya 70 ko kusa da haka idan ka taka totur har ƙarshe. Batir mai 5,000mAh zai ba ka minti shida ko bakwai. Kuma hancin Hurricane siriri ne, injin lantarki zai ɓuya a ciki ba sai ka yanka komai ba.

Bakaniken Panteka: Ƙanena, minti shida fa ka ce. Mutum ya ɗauro jirgi a mota, ya fita bayan gari cikin rana, ya yi minti shida ya zauna jiran caji? Kuma da wace wuta? Ka faɗa masa kuɗin batir uku da caja tukuna.

Mai Batir: Ai da batirin mota ake caji a fili, Yaya.

Anti Injiniya: Matsalar ba caji ba ce kaɗai, shigo da shi ne. Batir mai ɗaki shida 5,000mAh ƙarfinsa 111Wh ne. Ƙa'idar jiragen fasinja, abin da ya haura 100Wh sai da amincewar kamfani, kuma a jakar hannu kawai, ba a cikin kaya ba. Masu aiko da kaya ta sama da yawa ba sa karɓa ma. Ga zafi: LiPo da aka bari cike a but ɗin mota a watan Afrilu kumbura yake yi, wani lokaci ya kama wuta. Idan ba tashi za a yi ba, a bolt 3.8 kowane ɗaki ake ajiye shi, a inuwa. Ni ma lantarki nake amfani da shi, amma a jiragen soso da ba su kai kilo 2 ba. A kilo 5 lissafin ya canja.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Mu nan da mai shan methanol munka fara, don shi munka samu hannu na biyu. Injin kamfanin O.S. mai bugu huɗu ko na Saito, wallahi ƙararsu ta fi kama da ta jirgin gaske. Girman 1.20, wato wajen 20cc, zai ja wanga jirgi lafiya lau. Abin da ya kore mu man ne. Na kanti ba shi samuwa, sai dai ka haɗa da kanka: methanol kashi 80, man zurma kashi 20. Mai bugu biyu yana sha haka nan, amma mai bugu huɗu in babu sinadarin nitro da ake ƙara wa man a ciki ba ya son zaman sulo, kana rage totur sai ya ɗauke. Kuma methanol yana shan raɓa, galan in ya kwana buɗe ya lalace.

Bakaniken Panteka: To ka gani. Fetur kuwa ko a wane ƙauye akwai ɗan bumburutu. Malam Kafinta, 20cc mai bugu biyu ka nema. DLE-20 shi ne aka fi sani, kuma akwai mai RA a ƙarshen sunansa wanda salansarsa ke baya maimakon gefe. Shi ya dace da siririn hanci, don na gefen sai ka huda murfin inji salansa ta leƙo waje. Da salansa da akwatin wuta mai ba fulogi wuta nauyinsa ya ɗan haura gram 800. Farfela 16x8 ko 17x6, lambar farko ita ce tsayinta a inci. Tanki ɗan ƙarami mai cin mililita 300 zai ba ka fiye da minti goma sha biyar. Kafiretarsa irin ta injin yankan itace ce mai famfon kanta, duk mai gyaran irin waɗannan injuna zai gane ta.

Sabon Shiga: Don Allah tambaya. Injin ƙaramin janareta Tiger fa? Ai shi ma bugu biyu ne, kuma ga shi ko'ina.

Bakaniken Panteka: Hahaha. Yaro, wancan an yi shi ne ya zauna a ƙasa yana juyi 3,000 a minti. Shi kaɗai ya cinye nauyin da Malam ya ware wa jirgin gaba ɗaya. Injin jirgin nan juyi 8,000 zuwa 9,000 ake so. Akwai masu cire injin yankan ciyawa su sassabe shi su sa a jirgi, yana yi, amma a babban jirgi mai faɗin hanci, ba wannan ba.

Malamin Fiziks: Bari in sa baki kafin a wuce. Duk abin da ke rubuce a kwalin inji an auna shi ne a iska mai kauri, kusa da teku, cikin sanyi. Kano tana sama da teku da wajen mita 480. Idan zafi ya kai digiri 40, iskar da jirgi ke ji daidai take da ta wuri mai tsayin mita 1,500 ko kusa. Inji yana rasa kamar kashi 3 cikin ɗari a kowane mita 300, kun ga kusan kashi 15 ya tafi tun ba a tashi ba. Farfela ma ba ta cizon iska yadda ya kamata, fukafuki ma haka. Saboda haka idan plan ya ce 15cc zuwa 20cc, ɗauki na saman.

Sannan Malam Kafinta, kilo 5 ɗin nan buri ne. Da fenti da ƙafa mai naɗewa da batiran wuta, 5.5 za ka gani a sikeli. Faɗin fukafukin Hurricane na gaske murabba'in mita 23.9 ne, a raba da 49, wato bakwai sau bakwai, naka ya zama 0.49. Da wannan nauyi a wannan iska, jirgin zai daina ɗaukar kansa a wajen kilomita 50 a awa, saukarsa kuwa 55 zuwa 60. Wato gudun ɗan acaɓa mai sauri, a kan tsakuwa, da taya mai inci huɗu. Wannan shi ne abin da ƙafar za ta sha. A riƙa tuna shi idan an zo maganar ƙafa.

Kafintan Fagge: Na gode Malam, jikina ya ɗan yi sanyi amma gara in ji yanzu. Damuwata da fetur ɗaya ce: kan silinda. Na auna, ko na kifa injin kansa ƙasa, sai ya leƙo ta ƙarƙashin hanci. Duk kyan Hurricane a hancin nan yake.

Baba Ritaya: Ɗana, wace Hurricane kake yi? Ta Ingila ko wadda ta ratso ta garinku?

Kafintan Fagge: Ranka ya daɗe, ban gane ba.

Baba Ritaya: A yaƙin duniya na biyu, da Italiya ta shiga yaƙi a watan Yunin 1940, hanyar tekun Bahar Rum ta yi wa Ingila wuya. Sai suka koma kawo jirage cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a haɗa su a can, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ita ce Njamena yanzu, El Geneina, El Fasher, Khartoum, har Masar. Ayarin farko ya tashi a watan Satumban 1940, Blenheim mai jefa bom a gaba tana nuna hanya, Hurricane suna biye. Abin ya yiwu ne don gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi ɓangaren de Gaulle a watan Agustan shekarar. Dubban jirage sun bi ta nan. To jiragen da aka shirya wa hamada an sa musu matatar ƙura ta Vokes, wani ƙaton ƙullutu a ƙarƙashin hanci, don yashi kada ya cinye injin Merlin. Idan ita ka yi, ƙullutun nan yana daidai inda kan silindarka zai leƙo. Ka rufe shi da shi, bakin matatar ya zama ƙofar iskar da za ta sanyaya inji. Ba wanda zai ce ka ɓata siffa, don haka jirgin yake a hotunansa.

Kafintan Fagge: Allah ya ƙara girma Baba! Wannan ai ta warware. Fentin hamada ke nan zan yi, ruwan ƙasa da ruwan yashi.

Ɗan Zongon Takoradi: Filin jirgin nan yana nan har yau, sojojin saman Ghana ne a ciki. Kafinta, idan ka gama ka turo hoto in nuna wa tsofaffin unguwa.

Bakaniken Panteka: Shawarar Baba ta yi, amma a kula da mafita. Iskar da ta shiga sai ta samu inda za ta fita, kuma mafitar ta ninka mashigar biyu ko uku, in ba haka ba zafi ne zai taru a ciki. Ka yanka ƙofa a bayan ƙullutun ta ƙasa, ka sa ɗan falanki a ciki ya tilasta wa iska bi ta tsakanin haƙarƙarin silinda. Injin fetur ya fi na methanol zafi nesa ba kusa ba. Sai ƙananan abubuwan da ke kashe jirgi: tiyon silikon da ake sa wa methanol, fetur yana kumbura shi, tiyon Tygon mai jure fetur ake sawa. Mai kuwa na 2T na gaske, ɗaya bisa talatin, ba baƙin man da ake zuba wa janareta ba. Ka tace fetur kafin ya shiga tanki. Akwatin wuta da batirinsa su yi nesa da risiba mai karɓar saƙon rimot, kamar taƙi ɗaya da ɗan ɗori, kuma ka sa makashin da za ka iya kashe inji daga rimot. Lokacin hunturu ka ɗaura ɗan soso a bakin kafireta.

Mai Batir: Kun ga jerin nan ko? Duk wannan babu shi a lantarki. Na yi shiru dai.

Anti Injiniya: Akwai abu ɗaya da ke goyon bayan fetur a nan. Waɗannan jiragen gabansu gajere ne, jela doguwa, kusan kullum baya ke rinjaye. Ƙarshenta sai an cusa dalma a hanci kafin ya daidaita a wajen kashi 25 zuwa 28 cikin ɗari na tazarar da ke tsakanin bakin fukafuki na gaba da na baya, a auna daga gaba. Tunda dole a ɗauki nauyi a hanci, gara nauyin ya zama inji.

Sabon Shiga: Farfela mai reshe uku fa? Na ga ta gasken uku ce.

Baba Ritaya: Ta farko-farko mai reshe biyu ce ta katako, daga baya aka koma uku. Ta gasken ta haura mita 3, a girman nan inci 18 ko fiye, kuma 20cc ba zai juya mai reshe uku mai wannan tsayi ba. Ya yi ta ado ta ɗaukar hoto, ya tashi da mai biyu.

Kafintan Fagge: Inji an gama, fetur 20cc mai salansa a baya. Saura ƙafa, kuma gaskiya zuciyata na kan mai naɗewa. Jirgin yaƙi yana wucewa da ƙafafu a rataye, abin ba ya yi mini kyau.

Ɗan Maraɗi: Aboki, ji nan. Na sa mai naɗewa ta lantarki a wani jirgi, irin mai arha da ake odarta. Cikinta wani dogon noti ne ke juyawa yana jan ƙafar. Ƙurar filinmu ta haɗu da giris ta zama laka, rannan ƙafa ɗaya ta fito ɗaya ta ƙi. Da na sauka fukafuki ya daki ƙasa, jirgin ya yi juyi, katakon da ke riƙe da ƙafar ya tsage har cikin ƙashin fukafuki. Tun sannan waya tsayayya nake sawa. Ƙarfen sifirin mai kaurin milimita 5, a yi masa naɗi ɗaya a sama. In ya lanƙwashe ka miƙe shi da hannu ka sake tashi.

Bakaniken Panteka: Ni ban yarda a yi wa duk masu naɗewa kuɗin goro ba. Iri uku ne. Akwai mai sarbo, wato ɗan injin da rimot ke juyawa, da sanda, wadda saitinta ke cin rai, in sandar ta ɗan cije sai sarbo ya shanye batirin risiba. Akwai ta lantarki da ya faɗa. Akwai ta iska, irin ta kamfanin Robart, ana hura ɗan tanki zuwa kamar psi 100 a ma'aunin iskar taya. A cikin na iska akwai wadda iska ke naɗe ta, sifirin ke fito da ita, ka ga ko iskar ta zube ƙafa na sauka da kanta. A fili mai ƙura ita zan zaɓa. Ta lantarki ma in mai jikin ƙarfe ce, a wanke giris ɗin a sa busasshen garin graphite, a riƙa hure ta bayan kowane tashi, tana yi.

Ɗan Maraɗi: In robar cikin silindar iskar ta bushe fa, a wace kasuwa zai samo ta?

Bakaniken Panteka: Ya yi odar biyu tun farko.

Malamin Fiziks: Sa'ar da Malam Kafinta ya yi ita ce jirgin da ya zaɓa. Ƙafafun Spitfire, wani jirgin yaƙin Ingila, a tsakiya suke kafe suna naɗewa waje, tazararsu ba ta kai mita 2 ba a jirgi mai faɗin mita 11. Messerschmitt 109 ta Jamus ma haka, a jikin gangar aka ɗaura su, kuma an san yawan haɗarin da ta yi a ƙasa wajen tashi da sauka. Hurricane kuwa wanda ya zana ta, Sydney Camm, ya sa ƙafafunta suna naɗewa ciki, tazararsu ta haura mita 2, shi ya sa ta jure filayen hamada. Da Corsair ko P-40 na Amurka ya ɗauko, waɗanda ƙafarsu ke murɗawa digiri 90 tana komawa baya, da na ce ya haƙura. Tayar jela ma a Hurricane ba ta naɗewa, aiki ɗaya ya ragu.

Amma abin da zai fi ba shi wahala ba naɗewa ba ne, kifewa ne. Jirgi mai taya a jela, idan tayoyin gaba suka shiga yashi, tsayawa suke yi jirgin ya ci da hanci. Maganinsa a karkata ƙafar gaba, yadda in ka kalli jirgin daga sama yana kwance daidai, tsakiyar taya ta zo kusa da bakin fukafuki na gaba. Da tsayayya, lanƙwasa waya kawai za ka yi. Da mai naɗewa sai ka sa washa a ƙarƙashin bayanta, kuma duk karkatar da ka ƙara, tayar tana kaucewa daga raminta. Shi ya sa ake gwadawa kafin a rufe fukafuki.

Baba Ritaya: Ku duka kuna da gaskiya, kuma ba sai an zaɓi ɗaya yau ba. Ɗana, kai kafinta ne. Sayi mai naɗewar, ka gina mata mazauni da raminta yadda ya kamata. Sannan ka sassaƙa ɗan katako mai tauri ko alminiyam mai ramukan noti daidai da nata, ka kafa waya tsayayya a jiki. Tashin farko-farko, lokacin da kake koyon halinsa, da tsayayyar za ka yi, ramin taya ka rufe da siririn falanki da tef. Ran da ka ga kana ajiye shi a hankali sau da yawa a jere, noti huɗu ne kowane gefe, ka musanya. Hannun da bai saba da mai taya a jela ba shi ke karya ƙafa mai tsada, ba tsakuwa ba.

Mazaunin kuwa filawud mai kyau, ya kama haƙarƙari uku aƙalla, amma kada ya fi ƙashin fukafuki ƙarfi. In za a yi ɓari, mazaunin ya fita shi kaɗai. Taya inci 4 idan rami zai ɗauka, ta soso mai tauri, don mai iska tsidau zai gama da ita. Ka ɗan karkata bakin tayoyin ciki digiri ɗaya ko biyu.

Kafintan Fagge: Baba na karɓa. Wajen tashi fa, me zan sa ran gani?

Anti Injiniya: Zai ja hagu, musamman lokacin da jela ta ɗaga. Ka ba injin karkata dama kamar digiri 2 tun wajen manna katakon, sauran kuma babban yatsanka ne a kan sitiyarin jela. Ka fara gudu jela a danne, totur a hankali, ba a fizge ba, sai ka sassauta jela ta ɗago, ka bar shi ya tara gudu. Idan ka ciro shi da wuri, fukafukin hagu ne zai faɗi kuma babu tsayin da za ka cece shi. Ka yi ta tuƙa shi a ƙasa tukuna har ka iya miƙar da shi.

Mai Kula da Zaure: Tunatarwa kafin a ci gaba. A Najeriya hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro suna da ƙa'ida kan jirage marasa matuƙi, kuma tun 2016 aka ce sai da izini. Halin da ake ciki a Arewa kowa ya sani. Jirgi mai fentin soja da ƙarar fetur yana shawagi a kan ƙauye ba abin wasa ba ne ga wanda bai san shi ba. A nemi izini, a yi nesa da filin jirgi da bariki, a gaisa da mai unguwa da 'yan sanda na yankin a nuna musu jirgin a hannu kafin ranar tashi.

Mai Batir: Lantarki dai ba ya ƙara.

Bakaniken Panteka: Kai yaron nan ba ka gajiya. Malam Kafinta, kafin ka biya kuɗin ƙafa ka auna kaurin fukafukinka a wurin da za ta zauna, da tsayin da kake bukata don farfela mai inci 16 ta bar ƙasa da aƙalla santimita 5 idan jela ta ɗaga. Turo mini lambobin.

Kafintan Fagge: Kaurin wurin milimita 52 ne. Tsayin sai na ɗora fukafukin a jiki gobe in sha Allah. Ɗan Maraɗi, wayar milimita 5 ɗin nan a ina kake samu? Wadda na gani a kasuwa tana lanƙwashewa ba ta dawowa.

Ɗan Maraɗi: Waccan rodi ce, ba ta yi. Je wurin masu tsofaffin kayan mota ka ce sandar sifirin da ke ɗaga murfin but. Ka tafi da abin awo, don kaurinsu ba ɗaya ba ne, kuma kada ka bari mai walda ya sa mata wuta wajen lanƙwasawa, ƙarfinta zai mutu. A sanyi ake yi, da bais da dogon bututu.